Dole ne sai an shafe filin gida kaf da intalok?

Wani abu na daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da sabbin gidajen da ake ginawa a Kano, ko a Rijiyar Zaki ne, ko Ɗanbare, ko Farawa, ko can bayan Hotoro, duk kanwar ja ce. Da an gama gini an yi fenti, abu na gaba shi ne a kira masu intalok su shafe filin tun daga bakin get har bayan kicin, ko tafin hannu na ƙasa ba a bari. Sai a jera dogayen bishiyoyin nan sirara da masu fulawa ke kira maskared guda huɗu a jikin katanga, shikenan wai an yi lambu. A hoto kam gidan ya haɗu, ba ƙarya. Amma ka je gidan a watan Afrilu da misalin ƙarfe 3 na rana lokacin da zafi ya haura digiri 40, wallahi ko takalmi ka cire a ƙofar falo sai ka yi rawa kafin ka shiga, kuma abin haushin ba a nan ya tsaya ba, duk zafin da simintin ya sha da rana da daddare yake amayar da shi, har ƙarfe 11 na dare katanga da ƙasa suna huci, ga an ɗauke wuta, kowa yana falo yana fifita da kwali, filin da aka kashe wa kuɗi yana waje ba mai iya zama a cikinsa sai mota.

Ni a cikin gari na tashi, a irin gidajen nan da sai ka bi ta zaure, ka wuce soro na biyu, ka karya kwana, sannan ka faɗo tsakar gida. Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Makama ya ga tsarin, haka Gidan Rumfa da ake dangantawa da Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, zaure bayan zaure ne da fili a tsakani, ba gini ne cunkus ba. Magabata ba su karanta zanen gine-gine a jami'a ba amma sun san garin da suke zaune a ciki. Zaure na maza ne da baƙi da almajirai, dakalin ƙofar gida na hirar yamma ne, tsakar gida kuwa ta mata da yara ce, kuma ita ce ainihin gidan, ɗaki wurin kwana ne da ajiyar kaya kawai. A tsakar gida ake daka, a nan ake girki, a nan ake kitso da ƙunshi, a nan ake shanya, a nan ake baza tabarmi bayan isha'i kaka tana cewa ga ta nan ga ta nanku. In zafi ya yi zafi ma a nan ake kwana, a ɗaura gidan sauro a jikin bishiya da ƙusar bango.

Kuma kusan ko da yaushe akwai bishiya. A namu gidan darbejiya ce, randa biyu a gindinta an ɗora su a kan yashi mai laima, ruwan da ke cikinsu sanyinsa ya fi daɗin na firiji a wurina har gobe. Kusa da ita akwai wani dutse da ake zama a yi alwala, ruwan yana gangarawa gindin lalle da wata 'yar gwaba. Babu wanda ya taɓa cewa yau ranar ba shuka ruwa ce, salla biyar a rana, mutum sama da goma a gida, ai shukar ba ta san rani ba.

Ba wai ina cewa masu intalok ba su da hujja ba ne fa. Suna da ita. A watan Agusta tsakar gidan ƙasa taɓo ce, yara su kwaso su shigo da shi har kan kafet. Da hunturu kuma daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ce, ki share da safe kafin azahar kamar ba ki taɓa tsintsiya ba. Ga tsoron kunama, ga masu cewa bishiya matattarar aljanu ce musamman tsamiya da kuka, wannan kam ba zan shiga ba. Sannan filin kansa ya ƙanƙance, mutum ya samu ƙafa 50 sau 50 a awon igiya da ƙyar, yana son ɗaki uku da falo da wurin mota, me ya rage? Duk na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce sai an rufe ko'ina. Ruwan saman da ya kamata ƙasar gidanka ta sha, rijiyarka ko bohol ɗinka su amfana, sai ka tura shi waje ta bututu, maƙwabcinka ma ya tura nasa, kududdufan da suke karɓar ruwan a da an cike da yawansu an yi gini a kai, kwatoci sun toshe da leda, sai a wayi gari layi ya zama kogi ana ta salati.

Gidan Yayata a wajen Tudun Yola shi ne misalin da nake ba mutane, kuma ba wani katafaren gida ba ne. Sun yi intalok ɗinsu daga get zuwa inda mota ke tsayawa, amma kusurwar da ke gabas da ginin, wadda ginin kansa ke yi wa inuwa da yamma, sai suka bar ta. Mangwaro ɗan aure ɗaya a tsakiya, an zagaye gindinsa da dakali mai faɗin da mutum zai zauna har ya miƙe ƙafa, an zuba yashi mai laushi a ƙasa, gefe guda 'yar rumfa ce da aka yi da ƙarfen Ƙofar Ruwa aka rufa mata zana a ƙarƙashin kwanon saboda kada ta yi zafi, da fanka mai sola ɗaya. Iyakar abin kenan. Amma duk wanda ya je gidan can yake zarcewa, falon da aka zuba wa kujeru na gani na faɗa sai dai baƙon kunya. Da azumi a nan suke buɗa-baki, a shimfiɗa darduma a jera kunun tsamiya da ƙosai da kankana, mijinta ya ja su magariba a wurin. Da babbar salla a jikin mangwaron ake ɗaure ragon layya, a gefen kuma ake kafa murhun suya, hayaƙi ya tafi sama abinsa ba ya shiga labule.

Maganar wace bishiya za a shuka, nan ne mutane suka fi yin gaggawa. Darbejiya kowa ya san ta, har an ɗauka tamu ce tun fil azal, alhali daga ƙasar Indiya asalinta yake, a 1928 aka fara dasa ta a Borno ta bazu ko'ina a Arewa saboda ba ta tsoron fari kuma tana riƙe ganye a lokacin da ake matuƙar buƙatar inuwa. Sai dai a ƙaramin fili saiwarta ba ta da kunya, za ta ɗaga maka intalok, ta tsaga katanga, in ta samu hanyar sokawe kuwa sai ka kira magina. Ita a ƙofar gida ta fi dacewa, nesa da gini. Durumi da ceɗiya sun fi ta ɓarna ma, waɗannan na fili ne da ƙofar fada da bakin kasuwa. A cikin gida ni na fi son mangwaro ɗan aure, ba ya yin girman na ƙwallo, kuma cikin shekara 3 zuwa 4 ya fara 'ya'ya. Gwaba da lemon tsami ba sa cin wuri. Rumman yana jure ƙishirwa sosai. Gwanda cikin shekara guda ta fara bayarwa, amma a dasa fiye da ɗaya don wata namiji take fitowa, ta yi ta fure ba ɗa. Zogale kuwa bai kamata a ce akwai gidan da babu shi ba, sai dai a riƙa sare kansa, in ba haka ba ya zama falwaya ganyen yana can sama ba mai kaiwa. Lalle yana yin shinge mai kyau, furensa kuma in iskar dare ta kaɗo, hmm, turaren wuta albarka.

Masu sayar da fulawa a bakin titunan Nassarawa GRA sun iya baki, da ka tsaya za su fara, Hajiya wannan 'yar waje ce, wannan ba ta mutuwa. Ki tambaye shi abu ɗaya kawai: Malam, in na yi tafiya ta sati ban ba ta ruwa ba zan dawo in same ta? In ya fara sosa ƙeya ki wuce. Fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga, mai fure ja ko ruwan hoda kamar takarda, ita ce ta san Kano, da rani ma ta fi yin fure.

Don ruwa shi ne gaskiyar maganar. Daminarmu daga wajen Yuni ne zuwa ƙarshen Satumba, sauran watannin duk kai ne girgijen shukarka. Wanda yake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa jarka-jarka, ya ce zai shimfiɗa koriyar ciyawa irin ta filin ƙwallo don ya gani a Instagram, to ya shirya, ciyawar nan kullum sai ta sha safe da yamma, kuma ran da aka yi fashi biyu ta koma ruwan ƙasa. Ko manoman Kura da Kadawa da kake gani kore shar da rani ai ba dabararsu kaɗai ba ce, ruwan madatsar Tiga ne da aka gina zamanin Audu Baƙo ke bi ta magudanai yana isa gonakinsu. Kai wace Tiga gare ka a gida? Sai wasu suka koma kafet ɗin ciyawa na roba, shi kam ba ya shan ruwa, amma a rana ya fi intalok ɗin ma zafi, in za a sa shi a sa a ƙarƙashin rumfa. Dabarar da ta fi ita ce ta iyayenmu, a yi wurin alwala kusa da shuka, ruwan wanke shinkafa da na wanke kayan miya a juye a gindin bishiya maimakon kwata, mai AC ya tara wanda ke ɗiga a bokiti. Ruwan omo da na bilic ne kawai ba a kai wa abin da za a ci.

Sai sha'anin taro. A da suna, kamu, yinin biki, walimar sauka, har zaman makoki, duk a gida ake yi, mata a tsakar gida maza a zaure da ƙofar gida, in wuri ya yi kaɗan a buɗe gidan maƙwabta. Yanzu abu kaɗan sai a kama hol, ko a kafa kanofi a rufe layi mai mota ya yi ta zagaye yana tsaki. Ban ce kowane biki zai shiga gida ba, yawanmu ya wuce nan, amma sunan jariri ko walimar yaro ya sauke Alƙur'ani, mata talatin da tabarmi da inuwa ai sun wadatar, kuma tsofaffi sun fi sakewa a haka. Surukata in aka kai ta hol ba ta minti talatin take fara cewa a mayar da ita gida sanyin na'ura ya kama mata gwiwa.

Ita ce ma ta nuna min wata matsalar da masu zanen gida ba sa kawowa a ka. Ranar da ta fara zuwa gidan da muke ciki yanzu, ta zauna a waje ta ɗaga kai ta ga tagogin benen maƙwabta suna kallon tsakar gidan, sai ta jawo mayafinta ta ce, "'Yar nan, a nan kike zama ba lulluɓi?" Na ce, "Hajiya ai ba kowa a saman da rana." Ta ce, "Ke kika sani." Kuma gaskiyarta, tsakar gidan da mace ba za ta iya cire ɗankwali ta sha iska ko a yi mata kitso ba, ba za ta zauna a cikinta ba ko an shuka mata inabi. Shi ya sa kafin a zaɓi inda za a yi wurin zama a fara tsayawa a wurin a duba sama ta kowane ɓangare. Wani lokaci rumfa ce maganin, wani lokaci bishiya mai duhun ganye a daidai saitin tagar, kuma a nan ne ma maskared ɗin da na zaga ɗazu take da rana, in aka jera ta kusa da kusa tana tare ido.

Masu cewa bishiya ke kawo sauro, sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, tsohuwar taya, gwangwani, kwatar da ba ta gudu, farantin da ake sa wa a ƙarƙashin tukunyar fulawa. Duhun ganye wurin ɓuya kawai yake ba shi, don haka a riƙa rage rassan ƙasa iska tana ratsawa. Wanda ke gidan haya kuma ba sai ya fasa simintin mai gida ba, tsofaffin bokitan fenti da buhunan siminti sun isa a shuka na'ana'a da ciyawar shayi da tattasai da alayyahu, ran tashi a loda su a a-daidaita-sahu. A huda ƙasan bokitin, a haɗa ƙasa da yashi da takin dabbobi wanda ya bushe sosai, ɗanye ƙona saiwa yake yi. Bishiya kuma a bari sai ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, sannan a dasa, ta samu wata uku tana sha kyauta kafin rani. In a ƙofar gida ce a zagaye ta da bulo ko waya tun ranar farko, don awakin unguwa ba sa jira a kwana.