Kwandansa da kafasita: rediyon Kawu ta daina gurnani

Jiya da daddare rediyon marigayi Kawu ta yi magana tas, babu gurnanin nan da ya hana ni sakat. Har mai ɗakina na kira ta zo ta ji.

'Yan'uwa masu koyo, makonni biyu cur na ɓata, kuma kalma ɗaya ce ta jawo. Takardar zanen da Kawu ya bari a cikin akwatin rediyon ta ce a duba kwandansa na ɓangaren wuta. Ni kuwa kafasita na sani, wato 'yar na'urar nan mai riƙe wutar lantarki, don haka na ɗauka wani abu ne dabam. Na je kasuwa, mai kayan firji ya nuna mini ragar bututun nan ta bayan firji, ya ce ga kwandansa. Wani ya sayar mini da na tsohuwar mota a kan naira 2,500. Kuɗin nan har yau suna yi mini ciwo, don ƙarfinsa ko kusa bai kai abin da rediyon ke nema ba.

Da haushi ya ishe ni sai na ajiye kayan aiki na bi kalmar. Ashe abu ɗaya ne! A 1746 Pieter van Musschenbroek ya tara wutar lantarki a tulun gilashi a garin Leiden na ƙasar Holan. Masanan lokacin sun ɗauka lantarki wani irin ruwa ne da ba a gani. A 1782 Alessandro Volta ɗan Italiya ya kira na'urarsa condensatore, daga kalmar Latin condensare, wato a matse abu ya yi kauri, kamar yadda kunu ke kama jikinsa. A ganinsa na'urar tana dunƙule wutar a ɗan ƙaramin wuri. Sai dai injin tururi ma yana da nasa kwandansan, mai mayar da tururi ruwa, irin aikin da na firji yake yi. Wannan ruɗani na cikin abin da ya sa Turanci ya koma kafasita a ƙarni na 20, daga capere, wato riƙewa. Faransanci bai sauya ba, shi ya sa masu gyara a Maraɗi da Damagaram suke nan a kan condensateur.

Ni dai sunan kafasita ya fi kwanta mini, don riƙe wuta shi ne aikinta. Amma yanzu na daina ganin tsofaffin masu gyara sun yi kuskure.

Ina buɗe rediyon da wannan fahimta na ga babbar kafasitar kusa da taransifoma ta kumbura, kanta ya tashi. Na cire, na sa sabuwa mai maikrofarad 1,000 (ma'aunin ƙarfin kafasita ke nan), na lura da ƙafar da ke da alamar ragi kafin na liƙe da dalma. Saura maɓallin ƙara murya, yana ƙarar-ƙarar idan an murɗa. Wanda ya taɓa wanke irinsa ba tare da ya sauya ba, ya gaya mini da me ya wanke.