Soja ma ma'aikaci ne, to wa zai kai wa kuka?

Wallahi maganar nan tana ci min rai. Ma'aikacin kamfani in an riƙe masa albashi yana da ƙungiya, yana da yajin aiki, ga kotu. Soja fa? A yawancin ƙasashe babu ƙungiya babu yajin aiki, in ma suka haɗa kai suka ƙi aiki sunansa tawaye, sai kotun soja. Ita kanta yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 87 ta 1948 ta bar wa kowace ƙasa ta yanke iya 'yancin da za ta ba sojoji da 'yan sanda.

Na yarda aikin soja ba ya yiwuwa sai da bin umarni, ba wanda ke musun wannan. Amma ku duba yadda koke ke tafiya, ƙaramin soja alawus ɗinsa ya maƙale, ya zauna ya rubuta takarda ya ƙame ya sara ya miƙa wa oga don a tura sama, to in ogan ne ya danne kuɗin fa? kuma shi ne mai sa hannu a takardar hutunsa, shi ke rubuta rahoton ƙarin girma, shi zai iya jefa sunansa cikin masu tafiya daji gobe. Takarda sai ta kwanta a durowa, mutum ya haɗiye ya ce Allah ya isa. Mace soja da ogan ke matsa wa kuwa nata ya fi muni.

Shi ya sa tsarin Jamus ke burge ni. Tun 1956 suka sa a tsarin mulki cewa majalisa za ta naɗa kwamishinan sojoji, kowane soja ko kurtu ne zai iya rubuta masa kai tsaye ba sai ta hannun oga ba, kuma doka ta hana a hukunta shi don ya yi. Kwamishinan kan faɗa bariki ba sanarwa. 

Masu cewa wannan zai ɓata ladabi su je su duba, sojan Jamus har yau yana sara wa ogansa yana bin umarni.