Ga Masu Karatun Tattalin Arziki: Kurakuran da Na Tafka a Lambunan Jos

Ina rubuta wannan ne domin ƙannena da ke karatun tattalin arziki a jami'o'inmu, musamman waɗanda zuciyarsu ta karkata ga binciken yadda ƙasashe matalauta ke bunƙasa. Na shiga fannin da ɗoki, kuma har gobe ban yi da-na-sanin shigarsa ba, sai dai akwai kurakuran da na yi waɗanda wasu bayin Allah ne suka ɗauki asararsu, ni kuwa albashina bai ragu da ko kwabo ba. Wannan shi ne abin da ke damuna har yau.

Tun ina aji uku na kamu da son Arthur Lewis, baƙar fatan nan ɗan tsibirin Sen Lusiya wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1979. A maƙalarsa ta 1954 ya bayyana cewa ƙasa matalauciya tana da rarar ma'aikata a karkara, waɗanda ko sun bar gona amfanin da ake samu ba zai ragu sosai ba, kuma bunƙasa tana zuwa ne idan masana'antun birni suka kwashe su, masu jari kuma suka riƙa mayar da ribarsu cikin sana'a. Na haddace wannan kamar karatun allo. Abin da ban yi ba shi ne ɗaga kai in dubi garin da aka haife ni, domin a Jos tafiyar ta juya ne da baya: harkar kuza ta daɗe tana ja da baya, farashinta ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, mutane da yawa kuma suka koma noman rani, suna jan ruwa daga kududdufan da haƙar kuzar ta bari domin shayar da tumatir, kabeji, karas da latas. Laifin ba na Lewis ba ne. Shi da kansa, a rahoton da ya rubuta a 1953 domin ƙasar da daga baya ta zama Gana, ya ce inganta noman abinci shi ne abu na farko kafin a yi maganar masana'antu. Ni ne na karanta taƙaitaccen bayani a takardar lacca na ɗauka na san mutumin. Saboda haka ku nemi asalin abin da masani ya rubuta, ku kuma tambayi kanku wace ƙasa da wane zamani yake kallo lokacin da ya rubuta shi.

Kuskure na biyu na alƙaluma ne. A 2013 na kammala kundin digiri na biyu, wanda na gina kacokan a kan ƙididdigar arzikin da Najeriya ke samarwa a shekara, ban taɓa tambayar yadda aka tattara ta ba. A watan Afrilun 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta shekarar da take awo da ita, daga 1990 zuwa 2010, sai ga arzikin ƙasar na 2013 ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa kimanin biliyan 510, har muka wuce Afirka ta Kudu. Babu wanda ya ƙara ko loma ɗaya a gidansa a wannan dare. Harkar wayar salula da finafinai da makamantansu ne aka fara ƙirgawa yadda ya kamata. Hukumar ta yi daidai da ta gyara, amma rabon da na lissafa wa noma da sauran sassa duk ya rushe. Wolfgang Stolper, wanda ya yi aikin tsara shirin raya ƙasa na farko na 1962 zuwa 1968, ya sa wa littafinsa na 1966 suna mai ma'anar tsara shiri ba tare da sahihan bayanai ba. Gargaɗin yana nan a ɗakin karatu tun kafin a haife ni.

Amma kuskuren da ya fi yi mini ciwo a lambu ya faru. Wata ƙungiya mai zaman kanta ta ɗauke ni aikin binciken yadda za a ƙara wa masu noman rani riba a wajen garin Jos. Na zagaya da takardar tambayoyi, ina tambayar kowa nawa yake samu a wata, alhali mai lambu ba ya lissafi da wata, da kwando yake yi da kuma kaka. Daga nan na je kasuwar Farin Gada da ke Jos na rubuta farashin kwando, na kwatanta da farashinsa a Abuja, na ga tazara mai yawa, nan take na yanke hukunci cewa dillali ne ke shan jinin manomi. Na rubuta rahoto mai kyan Turanci, aka yaba mini, aka kuma amince mu haɗa manoma su yi hayar mota su kai kayansu Abuja da kansu.

Akwai wani dattijo a cikinsu da ya saurare ni har na gama, yana tsugune a bakin kwari yana gyara tiyon injin ban-ruwa. Sai ya ce, "Malam, to idan mun isa can, wa zai karɓe mu?" Na ce, "Baba, ai kasuwa ta kowa ce, mai kaya ba ya rasa mai saye." Bai ƙara cewa komai ba, ya dai saka kwandunansa a motar saboda kada ya ba ni kunya a gaban jama'a.

Motar ta lalace a hanya, muka isa bayan manyan masu sari sun gama ciniki sun watse. Ba mu da uban gida a kasuwar, ba mu san wanda ake ba kaya bashi ya biya ba, 'yan dako ma sai da muka yi ta roƙo. Kafin azahar ruwan tumatir ya fara ɗiga ta ƙasan kwanduna, ƙudaje suka taru, masu saye kuma suka gane cewa ba za mu iya komawa da kaya ba, suka taya yadda suka ga dama. Da aka cire kuɗin mota da na sauke kaya, abin da ya rage bai kai abin da za su samu a Farin Gada ba. Wannan ma mai sauƙi ne. Da lokacin shuka ya zagayo, wasu daga cikinsu suka je wurin dillalansu neman kuɗin taki da fetur kamar yadda suka saba, aka ce musu su je wurin wanda ya kai su Abuja. A ranar na gane cewa la'adar da na kira zalunci a cikinta akwai bashin farkon shuka, akwai sanin masu saye, akwai kuma haƙurin da dillali ke yi idan shekara ta ƙi. Na ga wannan haƙurin da idona a 2016, lokacin da tsutsar tumatir ta cinye lambuna a jihohin Arewa, dillalai da dama suka ɗaga wa manomansu ƙafa har wata kakar.

Abin takaici, duk wannan a rubuce yake, kuma a kan mutanenmu aka rubuta shi. Christopher Udry ya bibiyi kusan gidaje 200 a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya a 1988 zuwa 1989, ya gano cewa yawancin bashin karkara tsakanin waɗanda suka san juna ake yin sa, ba takarda ba jingina, kuma abin da ake biya yana sauyawa gwargwadon abin da ya sami mai cin bashin ko mai bayarwa, wato bashin da kansa inshora ne. David Norman, wanda ya yi binciken noma a Samaru ta Zariya, ya nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda malaman gona suka daɗe suna kushewa, dabara ce mai riba da ke rage kasada. Polly Hill kuwa zama ta yi a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, kuma a littafinta na 1972 ta nuna cewa a ƙauye ɗaya akwai mai cika rumbu ya jira tsada, akwai wanda dole ya sayar da hatsinsa tun kaka ya koma ƙwadago a gonar wani, don haka kuskure ne a yi wa manoma kuɗin goro. Waɗannan baƙi ne da suka sha wahalar koyon abin da ni, mai Hausa a baki, na ƙi tsayawa in ji.

Kada ku ɗauka ina cewa kowane dillali waliyyi ne, domin akwai masu cuta a cikinsu, kuma akwai inda haɗin kan manoma ya yi amfani. Ba kuma ina raina lissafi ba. Ku koye shi sosai, domin da shi ake gane inda al'ada ke cutar talaka. Abin da nake roƙonku shi ne, idan kuka ga wani tsari ya daɗe a kasuwa kuma ya yi muku kama da wauta, ku fara binciken aikin da yake yi kafin ku ce a rushe shi. Idan kuma za ku gwada sabon abu, ku gwada shi a kan kaɗan ku kwatanta da waɗanda ba a taɓa ba, kamar yadda Abhijit Banerjee, Esther Duflo da Michael Kremer suka yi har aka ba su Nobel a 2019, kuma tun kafin a fara a san wanda zai biya idan an yi asara. Da a ce da kwando goma na fara, kuma da kuɗin ƙungiya, da ba a kai ga haka ba.

Na koma wurin dattijon nan na nemi gafara, na same shi yana dashen albasa, domin a shekarar ita kaɗai ƙarfinsa ya iya. Ya ce ya yafe duniya da lahira. Da na tambaye shi abin da ya hana shi taka mini burki tun farko, sai ya karkaɗe hannunsa ya ce, "Malam, takardarka ta tambaye ni nawa nake samu. Ba ta tambaye ni wa ke bi na bashi ba, kuma wa nake zuwa wurinsa idan injina ya tsaya."