Kamun ne mafi sauƙi a aikinmu

Na yi aiki da hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, NDLEA, tun ina ƙaramin jami'i har na kai kwamanda, sannan na ajiye kaki a Abuja bisa ƙa'idar aikin gwamnati: shekara 35 a bakin aiki ko 60 a duniya, duk wadda ta riga zuwa. Duk wanda ya ji inda na yi aiki, labarin samame yake so in ba shi, tsallake katanga da ɓalle ƙofa da asuba. An yi waɗannan. Amma da yawan sunan da jami'i ke yi ko ya zubar, a kan tebur ake yinsa, da biro da sikeli.

Hukumar tana jaririya muka shigo. Dokar soja mai lamba 48 ta 1989 ce ta kafa ta a zamanin Janar Babangida, kafin nan 'yan sanda da kwastam ke raba aikin. An ma taɓa gwada hukuncin kisa a kan masu fataucin ƙwaya: a ƙarƙashin doka mai lamba 20 ta 1984 aka harbe mutum uku a Legas cikin Afrilun 1985, fataucin bai tsaya ba. Saboda haka tun daga kwasa-kwasan da muka yi a makarantar hukumar da ke Jos, abin da malamai suka fi nanata mana shi ne hukunci ba namu ba ne, na Babbar Kotun Tarayya ne, ita kuwa kotu ba ta san jarumta ba, shaida ta sani.

Ga yadda abin yake a zamaninmu. A ce kun tare mota a hanyar Lakwaja zuwa Abuja, wajen Abaji, an ɗauko wiwi daga dazukan Ondo ko Edo an danne ta ƙarƙashin buhunan garin kwaki. Direba yana rantsuwa bai san komai ba, kwandasta ya riga ya faɗa daji. Minti kaɗan an gama kamu. Daga nan aikin ke farawa. A gaban wanda ake zargi za a sauke kaya, a gabansa za a ɗora a sikeli, a gabansa za a ɗebi ɗan kaɗan a ɗiga masa ruwan gwaji a ga launin da zai juya. A cike takardar gwaji, da ta ɗaure kaya, da ta neman binciken masana, ya sa hannu ko ya dangwala, kai ma ka sa, shaida ya sa. A zuba samfuri a ambulan a liƙe, a tura ɗakin gwaji a Legas, sauran kuma a damƙa wa mai ajiyar kayan shaida ya shigar a littafi. Ga yunwa, ga barci, ga warin ganyen ya cika ofis har ya kama riga, ka koma gida uwargida ta ce ka tuɓe a waje. Ga agogo kuma, don tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa.

Duk wannan wahalar don rana ɗaya ake yinta, ranar da za ka hau akwatin shaida. Lauyan mai kariya ba zai tambaye ka ko wiwi ce ba. Zai ce: "Yallaɓai, wa ya riƙe ambulan ɗin daga hannunka zuwa Legas?" "Me ya sa nauyin da ke wannan takarda ya bambanta da na waccan?" In amsar ba ta rubuce, tsugune ba ta ƙare ba, mutumin da ka kama da hannunka zai wuce ta gabanka ya shiga mota. Ni dai ban taɓa jin haushin irin waɗannan lauyoyi ba. Inda babu su, kowane jami'i na iya jefa wa maƙiyinsa ƙunshi a aljihu.

Abin da ban zata ba shi ne takardun nan su ne suka riƙa kare ni daga dangina. Kuɗin dila ba shi da wuyar ƙi, ka san daga inda ya fito, ka san abin da zai biyo baya. Alfarma ce mai wuya. Da na zama babba, wata goggona ta yi sammako har gidana a Kubwa, an kama jikan aminiyarta da katan na tiramol. Ta ƙi shan ko ruwa.

"Ɗana, ban taɓa roƙonka komai ba."

"Goggo, da a hannuna yake da sai a yi magana. Kayan sun shiga littafi, mutum huɗu sun sa hannu. In na taɓa, mu biyu za ki riƙa kai wa abinci gidan yarin Kuje."

Ta yi fushi, sai da aka yi sallah biyu kafin ta amsa gaisuwata da kyau. Abin da na iya yi, na nuna musu yadda ake neman beli da lauya, na kuma tabbatar ba a taɓa lafiyar yaron ba. Tun daga nan duk rundunar da na riƙe, doka ta farko ita ce a shigar da kaya kafin kowa ya kunna waya. Ƙaramin jami'i ba zai iya ce wa mai babbar riga a'a ba, amma zai iya cewa "Ranka ya daɗe, an riga an rubuta."

Kayan ma sun sauya a hannunmu. Da farko hankali yana filin jirgi ne, wajen masu haɗiye ƙullin hodar iblis, a zaunar da su ana gadi har su fitar, kowane ƙulli a ƙirga a rubuta lokacinsa. Daga baya matsalar ta shigo unguwa ta hanyar kemis. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 bayan rahoton BBC, binciken da aka yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar kuma ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke shan ƙwaya a Najeriya. Tiramol da aka yarda da shi mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100, mu kuwa mai 225 muke kamawa. Su waye masu sha? 'Yan acaɓa, leburori, ɗalibai, har da matan aure. Irin waɗannan ban ga amfanin cika gidan yari da su ba, asibiti da nasiha suka fi bukata, shi ya sa na ji daɗin yadda aka ƙara ƙarfafa wannan ɓangare bayan Janar Buba Marwa ya zama shugaban hukumar a 2021.

Ritaya kuma ba ta raba mutum da kotu. Shari'a kan daɗe, alƙali ya canza a sake farawa, sai ka ga sammaci ya iske ka a gida kan kamun da ka manta fuskar mai shi. Kotu takan yarda shaida ya duba abin da ya rubuta a lokacin don ya tuna, saboda haka ƙananan littattafan aljihuna duk suna nan, na jera su shekara-shekara, kuma har yanzu ana kirana in je in karanto.