Asabar: zankon ja ya koɗe

Zakara ya tashe ni tun gari bai gama wayewa ba. Na buɗe akurki, kajin suka fito bisa tsarin da suka yi wa kansu: baƙar nan mai iko a gaba, farare biyu a bayanta, sai ja, sai 'yar sagara a ƙarshe tana raɓe-raɓe kada wata ta kai mata sara. Na watsa musu tsaba, na wanke mazubin ruwa na sake cikawa. Wake-wake ba ta fito ba, ban kuma sa ran fitowarta ba, domin kwanci take yi. Da na miƙa hannu kusa da ita sai ta kumbura gashi, ta yi min wani ƙara can cikin maƙogwaro. Kwana 21 ƙwan kaza ke yi kafin ya ƙyanƙyashe, ita kuwa ta ci fiye da rabi. Ta fige gashin ƙirjinta da kanta don fatarta ta riƙa taɓa ƙwan, kuma zafin jikin kaza yana kaiwa wajen digiri 41, shi ya sa in ka sa hannu a ƙarƙashinta sai ka ji ɗumi har cikin tafinka. Na ajiye mata nata abincin da ruwa a kusa, na bar ta.

Da hantsi na fito da teburin zane gindin inuwa, inda nake ganin kajin suna tono. Katuna nake son ƙarasawa, waɗanda zan aika wa abokan musayata. Ƙanana ne, santimita 6.4 a faɗi, 8.9 a tsawo, ba sa wuce tafin hannu. Wani mai zane ɗan ƙasar Suwizalan, M. Vänçi Stirnemann, shi ya fara wannan harka a birnin Zurik a 1997, ya yi ƙananan katuna ya baje kolinsu, ya ce duk mai so ya kawo nasa a yi musaya. Ƙa'idar ke nan har yau: ba a sayarwa, sai dai ka ba ni naka in ba ka nawa. A bayan katin ka rubuta sunanka da ranar da ka yi shi da sunan da ka raɗa masa. Wannan ƙa'ida tana daga cikin abin da ya riƙe ni a harkar. Idan babu maganar ciniki, hannu yakan sake, mutum ya zana abin da ransa ke so ba tare da tunanin wa zai saya ba.

Na yanka takarda mai kauri da rula da reza. Yankan yana cin lokaci, amma ina son shi, domin kati in gefensa ya karkace, duk kyan zanen ido sai ya koma kan karkatar.

Yau da gwaiduwar ƙwai na haɗa fenti. Ɗaya daga cikin fararen ta taka ƙwanta jiya ya tsage, na ajiye shi don wannan. Ana raba gwaiduwar da farin, a mirgina ta a hankali a kan takarda mai tsotse ruwa har ta daina santsi, sai a huda 'yar fatar da ta lulluɓe ta, ruwan ya zubo cikin ƙaramin kofi, a yar da fatar. A ƙara ruwa daidai da yawanta, sannan a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan ana kwaɓa garin launi da shi. Da irin wannan fenti masu zanen Italiya suka yi yawancin aikinsu kafin fentin mai ya karɓe wuri a ƙarni na 15, kuma zanukansu na nan har yau launinsu bai mutu ba. Halinsa shi ne saurin bushewa. Kafin ka ɗaga burushi ka mayar, layin farko ya kama. Ba ya yarda a shafa shi a murza, sai dai a riƙa ɗora siraran layuka, ɗaya kan ɗaya, kuma in aka yi masa kauri a kan takarda tsagewa yake yi. To, gashin kaza kuwa haka Allah ya yi shi, siriri kan siriri, shi ya sa na ga babu fentin da ya dace da zanen kaji kamarsa. Abin da aka haɗa yau, yau za a ƙarar da shi, don gobe ya yi wari.

Ja nake zanawa. Na gama wuyanta, inda gashin ke tashi daga ruwan ƙasa ya koma kamar zinariya in rana ta taɓa shi, sai na zo kan zanko. Na kwaɓa jan da na saba kwaɓa mata, na ɗiga a gefen takarda, na ɗaga kai na dube ta. Bai yi daidai ba. Na ƙara fari kaɗan, na sake dubawa. Har yanzu nawa ya fi nata ƙarfi. Na sake ƙara fari. Ina cikin haka gabana ya faɗi, na ajiye burushi. Zankon kaza mai lafiya da ke yin ƙwai ja ne jawur, a cike, yana sheƙi. Nata ya koɗe, ya yi fari-fari a gefe, ya ɗan kwanta.

Na shiga ɗaki na ɗauko akwatin da nake ajiye tsofaffin katuna, na nemo wanda na zana ta a watan jiya, na riƙe shi na tsaya kusa da ita. Babu tantama. A katin zankon a miƙe yake, launinsa a cike. Da safen nan na zuba mata abinci, ta wuce ta gabana, ban lura ba, kuma ban jin akwai wanda zai lura, domin tana ci, tana tono, tana bin sauran. Idon mai ba da abinci yawa yake ƙirgawa, ya ga ko kowa ya fito. Idon mai haɗa launi kuwa dole ya tsaya a kan abu ɗaya har sai ya gane shi. Wayata cike take da hotunansu, amma ɗaukar hoto ba ta taɓa tilasta min in tambayi kaina wane irin ja ne wannan ba. Zane ne ke sa ni wannan tambayar, kuma yau ta yi min rana.

Koɗewar zanko ba abu ɗaya ke kawo ta ba. Kazar da ta shiga zubar gashi takan daina ƙwai, zankonta ya motse ya koɗe, wannan ba ciwo ba ne. Amma ja ba ta zubar da gashi, babu ko ɗaya nata a ƙasa. Na kama ta, na buɗe ƙarƙashin fukafukanta da gindin wutsiya ina neman ƙwarƙwata, ban ga komai ba. Ƙirjinta dai ya ɗan rame, ƙashin ya fi fitowa. Sai hankalina ya koma kan ƙananan ƙwarin nan masu shan jini, waɗanda ba sa zama a jikin kaza. Da rana suna ɓuya a tsagar katako da mahaɗar sanduna, dare ya yi su fito su hau kajin suna barci, su sha su koma. Kafin su sha toka-toka ne, in sun ƙoshi su zama ja. Mai duba jikin kaza da rana zai rantse babu komai.

Na cire sandar da suke kwana a kai, na juya ƙarshenta inda take shiga bango. Ga su nan, dunƙule, da wani gari-gari mai kama da toka kewaye da su. Na goga farar takarda a wurin, ɗaya daga cikin guntayen da na yanka ɗazu, ta fito da jirwayen jini. A daidai ƙarshen nan ja take kwana.

'Yata ta fito ta same ni ina jan kayan akurki waje.

"Mama, lafiya?"

Na nuna mata takardar. Ta yamutsa fuska ta ce, "Duk wannan jinin ja ne?"

Na ce, "Nata ne da na 'yan uwanta. Ɗora mana ruwa a wuta, uwata, ki cika babbar tukunyar."

Wunin ya tafi a nan. Muka kwashe shimfiɗar ƙasa gaba ɗaya muka ƙone ta nesa da akurki. Muka fito da sanduna da akwatunan ƙwai, muka kwarara musu tafasasshen ruwa, muka goge da sabulu da burushi mai tauri, muka shanya a rana. Kowace tsaga a bango sai da na bi ta. Aiki ne mai karya baya, amma ba a yi masa rabi da rabi, don ƙwarin nan daga ƙwai zuwa babba mako guda ya ishe su in akwai zafi, kuma suna iya yin watanni a ɓoye ba su ci komai ba.

Wake-wake ce ta fi damuna. Mai kwanci ita ce ta fi kowa shiga haɗari, tunda ba ta tashi, dare da rana tana wuri ɗaya, ga shi dama ba ta cin abin kirki. Wata in cizon ya ishe ta sai ta tashi ta bar ƙwan ya huce. Ban so taɓa ta da rana ba, kada ta firgita ta ƙi komawa. Na shirya mata sabon kwando mai tsabta da busasshiyar ciyawa, na ajiye sai dare.

A kusurwar da suke birgima na ƙara busasshen yashi da tokar itace da na tankaɗe. Ban gama juya baya ba baƙar ta faɗa ciki, ta kwanta a gefe guda tana watsa ƙasa da fiffike, ido a lumshe. Wannan shi ne wankansu, ƙurar tana shiga har fata ta rage maiƙo ta takura ƙwari. Sauran suka bi layi. Ja ta shiga daga baya, ta daɗe a ciki, na ji daɗin ganin haka.

Sai bayan la'asar na koma teburi. Gwaiduwar ta fara kauri a kofi, na ɗan ƙara mata ruwa. Na tsaya ina shawara da kaina: in ba zankon jan da na san nata ne, ko in zana shi yadda yake yau? Na zana shi yadda yake, a koɗe, da ɗan kwantawarsa. A baya na rubuta ranar. Wannan katin ba zan aika wa kowa ba, zai zauna kusa da na watan jiya, in ta murmure in yi na uku in jera su.

'Yata kuma ta zauna gefena da nata aikin. Ɓawon ƙwan da na fasa ta wanke, ta ɓare farar fatar ciki, don in aka bar ta gam ba ya kamawa da kyau. Ta shafa gam a kati, ta ɗora guntun ɓawo ta danna da yatsa, ya farfashe ya baje, tsagogin suka fito kamar ƙasar da ta bushe bayan ruwa ya janye. Ta haɗa fari da mai ruwan ƙasa ta fitar da siffar kaza a kwance. Ta tambaye ni me ya sa ɓawon ƙwan jar kazar ruwan ƙasa ne a waje amma fari a ciki. Na gaya mata cewa ƙwai yakan yi wajen awa 25 yana haɗuwa a cikin kaza, mafi yawan lokacin nan a kan ɓawo yake tafiya, launin kuwa sai can ƙarshe ake shafa shi a sama. Ta ce, "Ashe ita ma fenti take yi." Hannunta ya fi nawa haƙuri a wannan aikin, kuma katinta ya yi kyau ƙwarai.

Akwai gashin da na tara a gwangwani don mannawa a wasu katunan, har da dogon baƙi mai sheƙin kore daga wutsiyar zakara. Na fasa amfani da su a wannan zagaye. Ba zan sa abin da ya fito daga akurkin nan cikin ambulan in aika gidan wani ba, alhali wasu daga cikin abokan musayar su ma suna da kaji. Na wanke su da sabulu, na ɗaure a leda na sa a firiza, su jira. Katunan da za su tafi na fenti ne zalla: zakara yana cara, sagara tana leƙen mazubin ruwa, da ƙafar kaza ita kaɗai, wadda na fi so a cikinsu saboda ɓawon-ɓawon fatarta ya fito sosai.

Bayan magariba suka shiga, suka ɗan yi jinkiri a bakin ƙofa don wurin ya sauya musu. Da duhu ya yi sosai na ɗauki tocila, 'yata ta riƙe min kwando. Na ɗaga wake-wake a hankali, na miƙa mata ita, na kwashe ƙwan ɗaya bayan ɗaya ba tare da girgizawa ba na jera a sabon wuri. Tsohuwar shimfiɗarta ma akwai ƙwarin, ba su kai na sandar yawa ba, amma akwai. Muka ɗora ta a kan ƙwan, ta tsaya tsaye jim kaɗan, sannan ta sa baki ta jawo na gefe zuwa ƙarƙashinta ta zauna. Alhamdu lillahi.

Gobe da safe zan nemi likitan dabbobi ya gaya min maganin feshin da ya dace da kaji masu ƙwai, da abin da zan ƙara wa ja a abinci don jininta ya dawo. Wankin akurki kuma sai an maimaita shi kafin mako ya zagayo, saboda ƙwayayen da suka tsira a tsagogi. Katunan sun bushe, saura in rubuta bayansu in sa a ambulan.