Abin da na koya wajen daskarar da 'ya'yan itace a lokacin zafi

Idan zafi ya tsananta, abin sanyin da na fi haɗawa a gida shi ne markaɗaɗɗen mangwaro da ayaba da aka daskarar. Zaƙi ba shi da wuyar samu a wannan haɗi, laushi ne ke buƙatar kulawa, kuma a kansa hankalina ya fi tsayawa tun da na fara.

Nakan zaɓi waɗanda suka nuna sosai, musamman ayabar da ɓawonta ya fara ɗigo-ɗigon baƙi, domin a lokacin sitacin da ke cikinta ya riga ya koma sukari. Bayan na ɓare su na yanka ƙanana, sai in matsa ɗan lemun tsami don kada ayabar ta yi duhu, in shimfiɗa su a faranti ba tare da wani ya hau kan wani ba, in bar su su kwana a firiza. Washegari nakan fitar da su su ɗan sha iska na 'yan mintuna kafin in zuba a blanda, saboda idan sun yi tauri da yawa injin yana wahala, kuma mutum zai ga kamar dole ya ƙara ruwa, alhali ruwan nan shi ne yake ɓata aikin. Cokali biyu na madara ko yogot sun isa su sa injin ya juya.

Da na fahimci dalilin haka, sai aikin ya zo mini da sauƙi. Ruwa zalla yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Salshiyas, firiza kuwa yawanci tana kaiwa digiri 18 ƙasa da sifili. Sukarin da ya narke a cikin ruwan 'ya'yan itace yana hana wani ɓangare na ruwan daskarewa, shi ya sa ayabar da ta nuna take fitowa da santsi kamar an zuba mata kirim. Haka kuma, duk abin da ya daskare a hankali yakan tara manyan ƙwayoyin ƙanƙara masu ƙaras-ƙaras a baki, wanda ya daskare da sauri kuwa ƙwayoyinsa ƙanana ne da harshe ba ya jin su. Amfanin yanka ƙanana da shimfiɗawa ke nan.

Kankana ba ta bin wannan hanya, domin kusan kashi 92 cikin 100 na jikinta ruwa ne. Ita nakan markaɗa ta ba tare da na fara daskarar da ita ba, in ƙara sukari kaɗan da lemun tsami, in zuba a faffaɗan mazubi marar zurfi, in sa a firiza, sannan in riƙa kankare ta da cokali mai yatsu duk bayan rabin awa har ta zama garin ƙanƙara. A ganina wannan ya fi dacewa da ita fiye da tilasta mata ta yi laushin da ba ta da shi.

Sanyi yana rage jin zaƙi a harshe, saboda haka nakan ɗanɗana haɗin kafin ya shiga firiza, in tabbatar ya ɗan fi yadda nake so zaƙi. Wanda ya rage nakan rufe shi sosai a roba mai murfi don kada ya ɗauki warin sauran abinci, kuma ba na mayar da wanda ya riga ya narke, domin idan ya sake daskarewa ƙwayoyin ƙanƙarar sukan girma, laushin ya tafi.