Balbelar da Ta Koya Mini Awon Haske

Tun duku-duku muka shiga kwale-kwalen, ni da ƙanina, ruwan tafkin ya kwanta lumui. Ƙaramar kyamarata na rataye a wuya, irin mai shiga aljihun nan. Shekara guda ke nan da sayenta, ban taɓa gusar da ita daga kan tsarin ɗaukar hoto na P ba, inda ita ke yanke komai da kanta.

Can gabas, cikin duhun ciyayi, sai ga wata balbela tsaye, fara fat. Na danna. Da na duba allo, ciyayi sun fito ras, amma tsuntsuwar ta koma farin tabo, ko silin gashi ɗaya ba a gani. Abin ya sosa mini rai, domin saboda ita muka yi sammako.

Na roƙi matuƙin ya dakata, na zauna na yi nazari. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara bai san fari ba, bai san baƙi ba. Duk abin da ka nuna masa, ɗauka yake in an gauraya shi zai ba da toka-toka, wato launin da ke mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Tawa kuwa tana kan awon da ke duba faɗin hoton gaba ɗaya. Duhu ya rinjaya, sai ta buɗe wa haske hanya don ta haskaka ciyayin, balbela ta ƙone.

Na mayar da ita awon ɗigo, wanda ke karanta ɗan ƙaramin wuri a tsakiya kawai, na ɗora shi a ƙirjin tsuntsuwar. Yanzu kuma ta fito dishi-dishi kamar an barbaɗe ta da toka, tunda ma'aunin ya sake janyo fari zuwa tsaka-tsaki. Sai na taɓa madannin nan mai alamar +/-, na ƙara +1. Mataki ɗaya ninki biyu ne na haske. Wannan karon har laushin gashin wuyanta na gani, da ɗigon ruwa a bakinta.

Da ta yunƙura za ta tashi, ga jirgi na tangaɗi, na juya zuwa tsarin S, wanda kamfanin Canon ke rubutawa Tv. A nan kai ke zaɓar saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da haske zai yi yana shiga, kyamara ta daidaita faɗin ƙofar haske. Na sa 1/1000 na daƙiƙa, fikafikan suka tsaya cak a iska. A ganina wannan ya fi tsarin A, inda kai ke zaɓar faɗin ƙofar, amfani a ƙaramar kyamara, domin ɗan mitsitsin firikwensinta, wato ɓangaren da ke karɓar hasken, ba ya dusashe bayan hoto sosai ko ka buɗe ƙofar zuwa f/2.8.

Da rana muka sauka a wani tsibiri mai farin yashi. Nan ma +1 ɗin ce ta fisshe ni.

A hanyar dawowa rana ta yi ja, tana bayan ƙanina daidai. Na ɗauka, ya fito baƙi ƙirin, sai zanen kansa da kafaɗunsa a kan jan ruwa. Na ɗora ɗigon a fuskarsa, na danna madannin ɗaukar hoto rabi don awon ya kulle, na gyara zama na ƙarasa. Fuska ta fito sarai, sama ta wanke ta zama fara.

Ya karɓa ya dubi biyun, ya daɗe shiru.

"Yaya, kar ka goge na farkon," in ji shi. "Shi nake so."